Shagon Baba mai gyaran keke a Sakkwato, da yadda na samu hanyoyin da zan bi

Salamu alaikum jama'a. Tun ina Sakkwato na ɗauki alkawari a raina cewa in na koma Kano zan zauna in rubuta labarin wani shagon gyaran keke da ya yi min rana a garin, to sai yau Allah ya nufa. Aiki ne ya kai ni, sati biyu cif a cikin watan Janairu, kuma ni irin mutanen nan ne da in na kwana uku ban taka feda ba sai in ji jikina ya yi nauyi barci ma ba ya min daɗi, shi ya sa na kwance tayoyin na naɗe keken da tsohon bargo na cusa shi a but muka tafi tare. Keken tsere ne ɗan Kwatano mai siririyar taya 700x25, wato faɗinta milimita 25, na kai shekara huɗu ina hawansa, a Kano na san duk inda zan bi, na san lokacin da titi yake sakin mutum da lokacin da yake cushewa. Amma Sakkwato kafin wannan tafiyar sau ɗaya na taɓa zuwa, ɗaurin aure ne, muka shiga da hantsi muka fito bayan la'asar, ban san komai nata ba sai fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu.

Daren farko a masauki na kwanta na buɗe waya na shiga manhajojin nan da mu masu hawan keke muke amfani da su masu nuna inda wasu suka taɓa bi da keke, wato in mutane da yawa sun bi titi sai ka ga layin ya yi kauri ya yi haske. Abin da na gani kaɗan ne, 'yan layuka sirara a cikin gari, kuma ba laifin kowa ba ne, manhaja abin da aka ɗora mata shi take nunawa, masu hawan keke a Sakkwato kuwa suna da yawan gaske amma manoma ne da masu kawo kayan miya kasuwa da 'yan makaranta, ba wanda yake kunna waya don ta riƙe masa tafiyarsa daga ƙauye zuwa birni. Taswira kuma za ta nuna maka ga kwalta nan ta miƙe amma ba za ta ce maka rairayi ya cinye gefenta ba, ba za ta ce maka yau kasuwar gari kaza ke ci ba, balle ta ce maka wannan hanyar baƙo ba ya binta shi kaɗai.

Duk da haka washegari na zaɓi hanyar Wamakko don na ga ita ce kusa da inda na sauka, na fita ta Arkilla na nufi Kalambaina inda masana'antar siminti take. Wallahi ban ji daɗin wannan fitar ba ko kaɗan. Tireloli ne wata bayan wata, masu shiga ɗaukar siminti da masu fitowa da lodi, ga ƙurar hunturu ga wadda suke tayarwa, in ɗaya ta gifta ka iskarta kaɗai sai ta nemi ta ture ka. Da na ga wata ta matso ni sosai sai na sauka gefe don ta wuce, ashe gefen cike yake da tsidau, ƙayar nan ƙarama da duk yadda ta faɗi a ƙasa akwai tsininta ɗaya da yake kallon sama, guda uku na cire a tayar baya. Na sa tif ɗin da na zo da shi guda ɗaya tak, a hanyar dawowa kuma na faɗa wani rami da rairayi ya rufe, wilin gaba ya karkace ya fara gogar birki, haka na lallaɓa na koma masauki raina a ɓace, ina tunanin ko in mayar da keken cikin bargonsa in haƙura har in koma gida.

Neman mai gyara ma sai da ya ɗan ba ni wahala, don sau biyu ina cewa mai gyaran keke ana nuna min garejin masu keke napep. Wani ɗan kabu-kabu ne, haka suke kiran ɗan acaɓa a can, ya gane abin da nake nufi ya ce in biyo shi a hankali, ya kai ni wani layi a cikin tsohon gari can wajen tsohuwar kasuwa, ya nuna min wani dattijo zaune a kan benci a gindin dogon yaro ya ce in wannan bai gyara ba to sai dai ka kai Kano. Shagon ba shi da allon suna, kowa Baba yake ce masa ni ma haka na bi. Rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a baya, an rataye tsofaffin tayoyi da wili a jikin bango, ga kwano da ruwa na neman inda tif yake yoyo, ga gwangwanin sholisho, ga tulin kekunan nan baƙaƙe masu kariyar ɗaukar kaya irin su Raleigh da Phoenix suna jiran layi, yaransa biyu suna ta faci.

Na yi sallama na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lahiya lau, ya kalli keken ya daɗe yana kallo kafin ya kalle ni, sai ya ce wanga keke ba na garin ga ba na, mi yas same shi? Na nuna masa wilin. Ya ce ina kab bi da shi? Na ce Kalambaina Baba. Ya girgiza kai ya ce wa yac ce ka bi can ɗana. Ni dama Sakkwatanci yana min daɗi a kunne tun ina yaro, to a bakin wannan dattijon sai ya ƙara min daɗi, yana magana a nutse ba gaggawa.

Aikin wilin nan shi ne abu na farko da ya sa na yarda da shi. Ba shi da wata na'ura, kife keken kawai ya yi ya ɗauki alli ya juya wilin ya matso da allin a hankali har ya taɓa inda ya karkace, duk inda alli ya shafa sai ya sassauta wayar wilin ta wannan ɓangaren ya ɗaure ta ɗaya ɓangaren kaɗan kaɗan, rubu'in juyi rubu'in juyi, yana yi yana taɓa wayoyin da yatsa yana sauraron ƙararsu. Na sha ganin masu gyara suna ɗaure waya ɗaya da ƙarfi don su gama da wuri, bayan sati wilin ya koma yadda yake ko wayar ta tsinke, shi kam ya kai minti 40 a kan wili ɗaya kuma bai amsa kiran kowa ba sai da ya gama. Yau wata nawa ke nan ina hawa a kansa bai sake motsawa ba. Naira 1,500 ya ce in ba shi, na ƙara masa ya mayar min da ƙarin ya ce abin da yac ce shi na.

Sai da aka gama ne na ce Baba don Allah ina neman shawara, ina so in riƙa fita da safe in yi kamar kilomita 40 zuwa 60 a kan kwalta mai kyau, ina zan bi? Nan ne na gane na zo wurin da ya dace. Ya sa yaro ya yago masa takardar buhun siminti ya ɗauki biro ya zana da'ira a tsakiya ya ce ga birni, ya ja layuka suna fita ta kowace kusurwa, kowane layi yana ja yana faɗa min halinsa kamar yana ba ni labarin mutanen da ya sani. Na tambaye shi ko yana bin hanyoyin nan ne har yanzu, ya ce a'a gwiwa ta hana, amma kullum kekunan ƙauyukan nan a gabansa suke kwana, in ya ga mutanen gari ɗaya suna ta kawo karyayyar wayar wili ya san hanyarsu ta fashe, in ya ga faci ya yi yawa daga wani ɓangare ya san ƙaya ta bushe ta zubo a can, in kuma mutanen wani gari suka daina zuwa gaba ɗaya to wannan wani labari ne daban kuma shi ma ya san ma'anarsa. Na jima ina juya wannan maganar a raina.

Abu na farko da ya koya min ba ma hanya ba ce, iska ce. Ya ce iskag ga ta ɗari daga arewa taka tahowa, ka tahi kana huskantat ta tun kana da ƙarhi, in ka juyo ita za ta maido ka gida. Kuma haka yake, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa daga Sahara, da sassafe tana kwance, rana na ɗagawa tana ƙara ƙarfi, to in ka fita ka nufi arewa da wuri ka ci nisan kafin ta tashi, lokacin da ta tashi kai kuma ka juyo tana bayanka. Shi ya sa ya sa min hanyar Kware a ta ɗaya.

Hanyar Kware ita ce hanyar da ta tafi Gwadabawa har Illela bakin iyakar Nijar, wajen kilomita 85 daga Sakkwato, in ka tsallaka kuma sai Birnin Ƙonni. Ni dai Kware ce iyakata, daga masaukina zuwa can da dawowa agogona ya nuna kilomita 40 da 'yan kai. Ina fita bayan gari ya fara wayewa, kuma ku lura rana a Sakkwato tana makara fiye da Kano da minti 10 da wani abu saboda garin ya fi yamma, a Janairu sai wajen ƙarfe 7 take fitowa, kwana biyun farko na yi ta shiri da agogon Kano a kaina ina fitowa ina tarar da duhu. In ka bar gari ta wajen More ka hau gadar gulbin Rima sanyin da zai buge ka daban ne, yatsu har ƙagewa suke, hazo ya kwanta a kan fadama ka ga mutane can ƙasa kamar inuwa suna ban ruwa, ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina, warin albasa ɗanya yana tasowa. Daga nan hanya ta miƙe, ba wani hawa mai wahala, ɗan tudu ne da gangare a hankali, gawo da bagaruwa da aduwa jefi jefi, ƙasa ja ja fari fari har iya ganinka. Sakkwato ba hamada ba ce irin ta Agadas amma kana jin bakinta a nan, a bushewar leɓenka da yadda sararin yake buɗe ba abin da ya tare shi. Ka gamu da jakuna da lodin kara, ka gamu da raƙuma biyu uku a jere mai su yana gaba, garken jajayen awakin nan na Sakkwato da fatarsu ta yi suna a duniya suna tsallaka titi ba ruwansu da kai, dole ka riƙa sa hannu a birki in ka doso kowane ƙauye saboda su da yara da tudun rage gudu.

Akwai wata safiya a wannan hanyar da ba zan manta ba, na juyo daga Kware wajen 8 da rabi iskar ta tashi sosai tana bayana, na sa babbar giya ina tafiya kusan kilomita 38 a awa ba tare da na ji ina wani ƙoƙari ba, ba ƙarar komai sai ta taya a kan kwalta, wasu manoma a kan kekunansu na gaishe su suka amsa da ɗaga hannu ɗaya ya ce a sauka lahiya, wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min, na yi ta hamdala a raina har na hango gada. Wannan safiyar kaɗai ta biya ni wahalar ɗauko keken daga Kano.

Amma ya ja min kunne a kan abu ɗaya da ba taswirar da za ta faɗa min, ya ce kak ka bi ta ran Lahadi, ko Asabar da marece, saboda Lahadi kasuwar Illela take ci, motocin shanu da na hatsi da ƙananan motoci masu lodi har saman rufi duk a wannan hanyar suke, kowa yana sauri. Na bi maganarsa ban gwada ba.

Ta biyu ita ce hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo, mazauninta na dindindin da ke wajen Dundaye, wadda take ratsa fadama ta Kwalkwalawa. Wannan gajeriya ce, ta ranar da aiki zai fara da wuri, awa ɗaya ka je ka dawo ka yi wanka. Ita ce ta fi kowacce kyan gani a wurina don kore ne hagu da dama a tsakiyar rani, shinkafa da albasa da tumatir da rake, masunta a bakin ruwa, mata da yara sun fara kasa kifi a gefen titi. Baba ya ba ni labarin ambaliyar 2010 da ta yanke wannan hanyar ta raba jami'ar da gari, ya ce a lokacin mutanen ƙauyukan can da suke kawo masa gyara sai da suka yi ta zagaye mai nisa. Sharaɗinta ɗaya ne, ka gama da ita kafin wajen 7 da rabi zuwa 8, don da zarar motocin ɗalibai da ma'aikata da 'yan kabu-kabu sun fara sai ta zama wata aba daban, kuma ba ta da faɗin da za ka raɓe. A ƙarshen mako kuwa shiru take, har sau biyu nake zuwa in dawo.

Hanyar Bodinga ta wajen filin jirgin sama na Sultan Abubakar III ita ce ta uku, kuma ita ce ya ce in bari sai ranar da iska ta kwanta saboda kudu ta nufa, za ka tafi da daɗi ka dawo da wahala. Na gwada ta ranar da na ga kamar garin ya yi shiru, tafiya kamar ana tura ni, har na wuce inda na yi niyyar juyawa saboda ina so in ga yankin Sifawa inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815, dawowa kuwa na sha wuya ƙwarai, iska a fuska rana ta ɗaga ruwana ya ƙare saura kilomita 10, sai da na tsaya wani ƙauye na sayi fiya wata leda huɗu. Hanyar ita ce mai zuwa Tambuwal da Jega, akwai tankoki da manyan motoci, ɓangaren da ke kusa da filin jirgi ya fi faɗi da kwanciyar hankali. Sau ɗaya na bi ta ya ishe ni.

Sannan akwai layukan da ya zana ya kuma soke su da biro a gabana. Ni na zo da burin in je Wurno a kan keke in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a can a 1837, na faɗa masa, ya ajiye biron ya kalle ni ya ce ɗana kak ka tahi, ko mu da munka girma nan ba mu bin can sai da dalili, balle kai baƙo da wanga keke da kowa ka kallo. Duk wanda yake jin labarai ya san halin rashin tsaron da gabashin jihar yake ciki, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da kuma can wajen Tangaza da Gudu, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Hanyar Gusau ma ya ce in na wuce Kwannawa kaɗan in juyo. Har hanyar Kwaren da ya yaba ya ce kullum kafin in fita in kira shi ko in tambayi mutanen masauki, don labarin jiya ba shi ne na yau ba, kuma akwai ranar da ya ɗauki wayarsa a gabana ya kira wani mai kawo masa gyara daga wannan ɓangaren ya tambaye shi lafiyar hanya kafin ya ce min in je gobe. Abin ya yi min ciwo da ban je Wurno ba, har yanzu yana raina, amma ban yi masa gardama ba.

To yanzu inda shagon ya gaza, don in na ɓoye na cuci wanda zai je bayana. Ba su da kayan keken tsere ko ɗaya. Tif mai lamba 700 babu, taya babu, famfonsu ma na bawul mai kauri ne irin na mota da babur, nawa kuwa siririn bawul ne mai ɗan murfi da ake murzawa, da ban zo da ƙaramin famfona ba da ko iska ba za a iya sa min ba. Tif sai da na sa aka sayo min a Kano aka ba direba a tasha, kwana uku ina hawa da mai faci ina addu'a. Na biyu, giyar keke ba fanninsa ba ce kuma shi da kansa ya faɗa, da tawa ta fara tsalle ya ce wannan kai ka fi ni saninta, ni na zauna na daidaita abata a kan bencinsa. Na yaba da gaskiyar amma dai wanda bai iya da kansa ba zai rasa mai yi masa a nan.

Abin da ya ɓata min rai sosai shi ne ranar da na bar keken na je sallar azahar, na dawo na tarar ɗaya daga cikin yaran ya zuba min baƙin mai a sarƙa har yana ɗiga, shi a ganinsa alheri ya yi min don haka suke yi wa sauran kekuna. A garin ƙura irin wannan baƙin mai guba ne ga sarƙa, ƙurar takan manne masa ta zama kamar sanfefa tana cin sarƙar da haƙoran giya, abin da ake so shi ne ka goge ta da tsumma kullum ka ɗiga mai mara kauri kaɗan ka sake gogewa. Baba ya yi wa yaron faɗa ya sa shi ya wanke da kananzir bai karɓi ko sisi ba, amma awa guda ta tafi a banza. In za ka bar musu kekenka ka faɗa da bakinka abin da ba ka so a taɓa. Sai kuma lokacin buɗewa, da sanyin nan ba ka samunsa kafin ƙarfe 9, mu kuma masu fita da sassafe a lokacin ne muka fi buƙatar mai gyara, kuma lissafin nisansa ba na kilomita ba ne, in ya ce nan ne kusa ka tambaye shi ƙauye nawa za ka wuce.

Dabararsa ta maganin tsidau kam ta yi min aiki. Ya yanka tsohon tif ya shimfiɗa shi a cikin tayar baya tsakanin taya da sabon tif, ya ɗan ƙara nauyi kuma sa shi a siririyar taya sai da haƙuri don in ya naɗe shi kansa zai huda maka, amma daga ranar har na bar garin faci ɗaya na ƙara yi. Ya kuma ce in daina sauka gefen kwalta a kan keke, in zan tsaya in tsaya a kan kwalta in ɗaga shi da hannu, in na hau kuma in shafa tayoyin kafin in taka. Da zan sake zuwa da taya mai faɗin milimita 28 zan zo ko 32 in keken zai ɗauka, in rage iska kaɗan, don ta fi haƙuri da rairayin da yake kwanciya a gefen titi. Shi rairayin nan in ka shige shi ba ka murɗa kai ba ka danna birkin gaba, ka miƙe kawai ka ci gaba da taka feda har ka fita.

Maganar ruwa kuma kar sanyi ya yaudari mutum, da safe za ka fita kana rawar ɗari amma iskar a bushe take ƙarau, gumin yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka dawo ka ga farin gishiri a jikin riga kanka yana sarawa. Gora biyu nake ɗauka ɗaya ruwa zalla ɗaya da haɗin gishiri da sukari irin na kemis, da dabino a aljihu, man kaɗanya a leɓe da cikin hanci, tabarau, da jar fitilar baya a kunne ko da gari ya waye saboda hazo. Wannan duk a Janairu ne fa, na tambayi Baba yaya watan Afrilu yake ya yi dariya ya ce lokacin ko jaki inuwa shika nema, zafin yana haura 40 kusan kullum, wanda zai zo a lokacin ya san ƙarfe 9 ta same shi a gida. Akwai kuma shawarar da ya ba ni a hankali don kar in ji kunya, ya ce wandon nan naku mai kama jiki ka ɗora wani a kansa in za ka ratsa ƙauye, kuma in ka zo shingen jami'an tsaro ka rage gudu ka cire tabarau ka yi sallama. Na yi hakan kuma ko sau ɗaya ba wanda ya tsare ni da wata magana sai tambayar nawa ne keken da kuma ko daga Kano na taho a kansa.

In an ce in ba shi maki, a gyaran wili da faci da gaskiyar ciniki zan ba shi cikakke ba ragi, a sanin hanya ma haka, a kayan keken tsere da giya kuwa kusan babu, don haka wanda zai zo da irin kekena ya taho da tif aƙalla uku da famfonsa da man sarƙarsa da 'yan spanoninsa, ya zo wa Baba da abin da hannu da ido da shekaru suke gyarawa. Samun wurin ba wuya in ka tambayi 'yan kabu-kabu na wajen tsohuwar kasuwa ka ce musu keken hawa kake nufi ba napep ba.

Ranar da zan tafi na biya in yi masa sallama da ɗan goro da turare, na tarar yana cin abinci da yaransa ya ce sai na sa hannu, na zauna muka sha hura mai sanyi a ƙwarya ɗaya. Ya tambaye ni ko takardar buhun simintin tana nan, na fito da ita daga jaka duk ta yi laushi da gumi, ya karɓa ya sake duba layin Wurno da ya soke ya ce in Allah ya kawo lahiya ka dawo, ni da kaina zan haɗa ka da wanda za ku tahi tare. Na ce Allah ya nuna mana Baba, ya ce amin, ya miƙo min takardar ya juya ya ɗauki wani wili da yake jiransa.